A Garinmu Kowa Ya Iya Mota

Ka zaga Baudeta kaf, ka leƙa Korgom da Kona da Hawandawaki, ka shiga Tasawa ka ɓulla Mayahi, da wuya ka samu namiji guda da zai buɗi baki a gaban jama'a ya ce bai iya tuƙi ba. Mu dai duk mun iya. Wanda ya taɓa riƙe sitiyari sau ɗaya ya iya, wanda ya saba zaman gidan gaba kusa da direba ranar kasuwa ya iya, kai har wanda aikinsa bai wuce tura mota in ta kafe a rairayi ba, in aka zauna fada shayi ya hau wuta sai ka ji shi yana gyara wa direbobi kuskure. In ka matsa wa mutum sai ya ce, "Ai hannuna ne bai faɗa ba tukuna, amma na iya." Kuma ba ƙarya muke shirgawa ba, har cikin ranmu haka muka ɗauka. Shi ya sa in maganar makarantar tuƙi ta taso muke tunkararta da ɗaga kafaɗa, don a ganinmu karatu mun riga mun gama, takarda ce kawai ta rage.

Da babur muke farawa, kowa ya sani. Yaro ƙafarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba, an aike shi kai niƙa ko sayo kwalbar ruwa-ruwa, ya ɗare Kasea ɗin yayansa ya fizga, uban yana zaune gindin bedi yana kallo yana murmushi, yana ce wa abokan hira barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In ya sha ƙasa a kakkaɓe masa riga, a shafa masa man birki a gwiwa, a ce kowa da haka ya koya. Uwar ce kaɗai ke salati daga cikin gida, ita ma gobe ita za ta ce ya zo ya kai ta gidan suna.

Daga nan sai makarantarmu ta gado, wato tasha, kuma wannan ba abar rainawa ba ce. Yaron mota yakan share shekaru yana wanke mota, yana ɗaure buhuna da awaki a bisa, yana dirowa da gudu ya sa weji, yana duba ruwa da baƙin mai tun da asuba, yana kwana a kujerar baya, kafin wata rana maigida ya jefo masa makulli ya ce, "Kai, zo ka gyara mata tsayuwa." Ranar nan ba ya barci don murna. Wanda ya fito ta wannan hanya yana da kunne, daga ƙarar inji yake gane abin da ke damun mota. Ya san ya rage wa taya iska in zai shiga rairayi, ya san inda ruwa ke cinye hanya da damina, ya san yadda ake fid da mota daga caɓi da itace da kara. Babu oto-ekol, wato makarantar tuƙi, da za ta ba ka wannan a wata biyu, kuma duk wanda mota ta taɓa lalace masa a daji da dare ya san darajar irin waɗannan mutane. Sai dai yaro abin da ya gani yake ɗauka, mai kyau da maras kyau. In maigida yana wuce mota a kan kwana, shi ma zai wuce. In maigida yana sakin giya a gangare don tsimin mai, shi ma haka zai yi. In maigida ya fi yarda da oda a kan birki, yaro zai gada har ya koya wa nasa yaron. Allunan bakin hanya kuwa, da layin da aka ja a tsakiyar kwalta, sai a shekara goma ana wuce su ba wanda ya taɓa cewa ga abin da suke faɗa.

Makarantar tuƙi muna tunawa da ita ne ranar da takarda ta tsare mana hanya. An ji wata furoje na neman direba, ko Alhaji ya sayo Hiyas yana cigiyar mai riƙe masa, ko jandarmomi sun tsai da mutum sun ce ina farmi ya hau laluben aljihu, ko kuma ɗan'uwa da ke Libiya ko Abijan ya aiko da kuɗi ya ce a yi wa ƙanensa farmi ya samu sana'a. Sai a jira kaka, a sayar da buhun wake ko riɗi, a kama hanyar birni, Maradi ko Damagaram, a sauka gidan dangi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muke fafe namu, ga aiki yana jira, ga kuɗi sun tsaya ƙire-ƙire, ga kunyar daɗewa a gidan mutane.

Kafin a tafi sai an kai maganar fada, kuma a nan ake yanke hukunci. Tambayoyinmu uku ne ba ta huɗu: nawa ne, kwana nawa ne, kuma ana faɗuwa? Wannan ya ce, "Kai dai je ka wajen na bayan tasha, zai rage maka jikka goma." Wancan ya ce, "A'a Yaya, na ji akwai wani, sati biyu ya gama da kai." Mai dafa shayi ya ɗago ya ce, "Ku bar shi ya je wajen mutumin Kawu, shi ɗalibinsa ba ya faɗuwa." A tashi taro ba wanda ya tambayi me ake koyarwa a wurin. Muna son makarantar da mai ita ɗan garinmu ne, ko surukin ɗan garinmu, ko dai ya taɓa cin tuwo a gidanmu. Muna son wadda aka yi wa sabon fenti da babban allo a ƙofa, mu riƙa yi wa rogo kallon kitse. Malamin da aka ce yana mai da ɗalibi baya in bai iya ba, shi muke kira mugu, mu gargaɗi juna kada a je wurinsa. Akwai kuma wadda ta fi duka, mu faɗe ta tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi: muna cigiyar wanda zai karɓi hotuna da kuɗi, mu koma gona, takarda ta iske mu har gida. Wasu an cinye musu kuɗin, wasu an kawo musu ta jabu sun sha wahala a hanya, wanda kuma ya fi ba ni tsoro shi ne wanda takardar ta zo masa lafiya lau, don gobe shi za a danƙa wa mota cike da iyayenmu da ƴaƴanmu.

Mu ne fa mutanen da ba a cutarmu a kasuwar dabbobi. In layya ta gabato, dubi yadda muke sayen rago: mu buɗe bakinsa mu ga haƙori, mu lallatsa ƙugunsa, mu ɗaga ƙafa, mu sa a ja shi ya yi tafiya mu gani ko yana ɗingishi, mu tambayi inda ya yi kiwo, mu yi kamar mun tafi mu dawo, mu kira wanda ya fi mu ido ya sake dubawa. Duk wannan a kan dabbar da za a yanka cikin kwana uku. Amma wurin da za a gyara hannun da zai shekara talatin yana ɗaukar rayuka, da jin-an-ce muke zaɓarsa. Idon nan muna da shi, haƙurin nan muna da shi, mu kai su ƙofar oto-ekol kawai.

Zuwa da kai ya fi aike. Ka je da safe ba tare da kuɗi a hannu ba, in da hali ka tafi da wani tsohon direba na gida, ku yi sallama ku nemi wuri a benci. Ka fara tambayar takardar izinin da gwamnati ta ba makarantar, wanda yake da ita ba ya jin haushin nuna ta, da yawa ma a bango suke rataye ta. Nijar ta sabunta dokar hanya a shekarar 2014, ga kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya, ANISER, koyar da tuƙi ba sana'ar da kowa zai tashi ya buɗe a rumfarsa ba ce. Ƴan'uwanmu na Daura da Katsina ma haka abin yake a wurinsu, hukumarsu ta kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 tana tantance makarantun tuƙi, sabon mai neman lasi sai ya bi ta wadda aka amince da ita.

Sannan ka zauna a ɗakin kod, inda ake koyar da dokokin hanya, ka kasa kunne. Za ka ga allo cike da alamomi, wani wurin da zanen mahaɗar hanyoyi da ƴan motocin katako ko na roba da Mushe, wato malamin, ke turawa da yatsa. Littafin kod ɗin da Faransanci yake, mu kuwa da yawanmu makarantar allo muka yi, lekwal ba mu yi nisa ba, don haka a nan ake gane malami. Wani sai ya sa ɗalibai su yi ta biya amsa da ƙarfi har su haddace, ka tare ɗaya a bakin ƙofa ka ce, "Ƙanena, me ya sa ba a tsallake wannan farin layin?" sai ya yi shiru, ya san sunan layin amma bai san dalili ba. Wani kuwa zai ajiye littafi ya warware maka da Hausa tsantsa: mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, akwai abu a gaba, zagayayye mai jan baki hani ne, zagayayye shuɗi umurni ne, ja mai kusurwa takwas kuwa tsayawa ce cak, ko da babu ko kaza a hanya. Zai ce maka layin da bai yanke ba an ja shi ne a wurin da idonka ba ya hango abin da ke tahowa. Zai tura ƴan motocin nan biyu su haɗu a mahaɗar da babu allo, ya tambaye ka wa zai fara wucewa, mu kuwa amsarmu ta gida a shirye take: mai babbar mota, sai mai ƙarar oda, sai wanda ya girme ka. Ya yi dariya ya ce na hannun dama ne, ko da jaki yake kora. Tun 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba abin kunya ba ne mutum ya ce, "Mushe, maimaita mini da Hausa." Matambayi ba ya ɓata, kuma malamin da ya ɓata rai don an tambaye shi ya riga ya ba ka amsar da ka zo nema.

Ka fito ka leƙa motar koyon, ka sunkuya ka dubi ƙasan kujerar malami. Ya kamata ka ga birki da kuloci a gefensa shi ma, don ranar da ƙafarka ta rikice ta danna totur a maimakon birki, ƙafarsa ce za ta cece ku da mai tallan da ke gabanku. Ka duba madubai uku suna nan, tayoyi da sauran zane a jikinsu, sigina tana kamawa, bel yana shiga. In motar sai ɗalibai sun tura take tashi, to kuɗin tura mota za ka biya. Ka tsaya ka ga fitarsu, ka ƙirga mutum nawa aka cusa, ka kuma lura minti nawa kowanne ke yi a kan sitiyari kafin a ce sauka na baya ya hau. Mu mukan ce "na yi wata guda ina koyo," alhali in aka tara zaman da mutum ya yi a kujerar direba bai kai wuni ɗaya ba, sauran duk a baya ya yi su yana kallon ƙeyar wani. Araha ba ta ado, abin da aka rage maka a kuɗi daga man mota aka cire shi, man mota kuwa shi ne lokacinka. Ka dubi halin malamin kuma. Mai zagi da dungurin kai tsoro yake koyarwa, ɗalibinsa yana kallon fuskarsa ne ba hanya ba. Mai amsa waya yana taunar goro ya bar yaro da sitiyari shi ma ba ya nan. Nagari za ka ji shi yana magana a hankali, "Dubi madubi, ɗana, sa sigina, saki kuloci sannu," kuma ba ya yarda a tada inji sai kowa ya ɗaura bel.

Ka tambaya kuma ina suke kai ɗalibi. Zagayen filin ƙwallo da ribas tsakanin duwatsu huɗu yana da amfani, amma ba a fili za ka ci abinci ba. Hanyar da ke jiranka ita ce babbar kwaltar nan mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta biyo ta Gazawa da Tasawa da Maijirgi da Takeita ta shiga Damagaram ta wuce Diffa, inda manyan bas da tireloli da tankokin mai ke haɗuwa da amalanken shanu maras fitila, da garken tumaki, da yara masu tsallakawa ranar kasuwa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki ka riga ka wuce tsawon gida guda. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ninkuwa yake sau huɗu. Wannan lissafi ba ya cikin abin da ake ɗauka a tasha, kuma shi ke raba wanda ya tsaya kafin saniya da wanda ya tsaya bayanta. Makarantar kirki za ta shiga da kai cikin gari, ta bi da kai shataletale da danja da cunkoson ƴan kabu-kabu, ta fid da kai kan kwalta, ta nuna maka yadda ake rage fitila in wani ya taho da dare. Mu da muke cika wa juna wuta a ido don kada a ce mun ji tsoro, wannan darasin muna bukatarsa ƙwarai.

Kuɗi kuma a yi su a fili, a rubuce, a ba ka rasit. Ka ji me da me ke ciki, takardu ne, kuɗin jarrabawa ne, in an faɗi an sake nawa ne, don kada a yi ta tatsarka da ɗai-ɗai har kuɗin waken su ƙare. Ka kuma san irin farmin da kake nema. A na babur ne, B na ƙaramar mota ne kuma daga shekara 18 ake yin sa, C na babbar motar kaya, D na motar ɗaukar jama'a, E na mai jan tirela. Mu kuwa sai mu yi B yau, jibi a gan mu a tasha muna lodin Hiyas, fasinja har bakin ƙofa, dangi suna ta sa albarka.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ce, kuma gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma malamanmu sun koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Mu kuwa mun iya rataya laya a madubi, mun iya addu'ar hawa mota, madalla da haka, sai kuma mu zagaya da bel ta bayan kujera don kada ya yamutsa mana riga, mu rataye hular kwano a kan babur sai mun hango ɗan sanda. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, nahiyarmu ce kuma ta fi kowace shan kashi in aka auna da yawan jama'a, duk da ƙarancin motocinta. Ba sai an kawo mana rahoto ba ma, wane gida ne a karkarar nan bai taɓa zuwa gaisuwar wanda hanya ta ci ba? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Dattawanmu da suka sayi mota da girma kan ji nauyin zama benci ɗaya da sa'o'in ƴaƴansu, sai su sa a koya musu a bayan gari da magariba inda ba mai gani. Baba, gemu ba ya hana ilimi, je ka ka zauna, yaran ma za su fi natsuwa in sun gan ka. Ƴan matanmu da suka zama malaman makaranta da ma'aikatan likita suna hawa babur suna shiga ƙauyuka, wasu har mota, su ma a nema musu wurin da ake mutunta su, inda malami ya san iyakarsa, a yarda wani nasu ya raka su ranar farko ya ga wurin da idonsa.

Saura wata al'ada guda, ita ce ta fi kusa da zuciyarmu don daga ƙauna take fitowa. In aka dace yaro ya faɗa hannun malamin kirki, ranar jarrabawa ta matso, Mushe ya dube shi ya ce, "Ba ka nuna ba tukuna, ƙara sati biyu," nan da nan waya ta iso gida. Sai mu tashi tawaga, Kawu a gaba da babbar riga, a je a durƙusa, "Ranka ya daɗe, a yi masa alfarma, maraya ne, aiki na jiransa, masaukinsa sun gaji." Mu yi ta roƙo har mutumin ya ji kunya ya sa sunansa, mu dawo muna murna mun taimaki yaro. Malamin nan fa ya zauna kusa da shi ya ga abin da ba mu gani ba, ya ga ƙafarsa tana rawa in babbar mota ta taho, ya ga yana mance madubi in zai juya. Kuɗin motar da tawagar za ta kashe zuwa birni da dawowa, mu haɗa su da tiya biyar ta gero da ɗan wake, mu aika gidan da yaron ya sauka, a yi wa uwar gidan godiya, a ce ta ƙara haƙuri da shi sati biyun nan.